Dogari, Ɗan Doka, Ɗan Sanda: Tarihin Tsaro a Ƙasar Yawuri

Ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin ruwa na katako da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a tsakiyar ruwa kafin ya isa Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba, kuma kwanaki aka shafe ana tsamo gawarwaki.

Makonni uku bayan haka, ranar Alhamis 17 ga Yuni, 'yan bindiga a kan babura suka dira Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka. Akwai 'yan sandan da aka girke suna gadin makarantar, amma maharan suka fi ƙarfinsu, suka kashe ɗaya daga cikinsu, suka tasa ƙeyar ɗalibai masu yawa da wasu malamai zuwa daji. An sako wani rukuni a watan Oktoba na shekarar, wani kuma a Janairun 2022. 'Yan mata 11 suka saura a hannun mutanen Dogo Giɗe, iyayensu suka yi ta roƙon jama'a a taimaka musu su haɗa kuɗin fansa, kuma sai a 2023 na ƙarshensu suka dawo gida.

Masifu biyu ke nan a ƙaramar hukuma guda cikin ƙasa da wata guda, ɗaya a ruwa, ɗaya a tudu. A duka biyun akwai doka a rubuce: wadda ta hana yi wa jirgi lodi fiye da ƙima, da wadda ta ɗora wa hukuma nauyin tsare rayukan yaran da aka ba ta amana. Abin da aka rasa shi ne hannun da zai zartar da ita a kan lokaci. Yanzu da ake ta muhawara a kan kafa 'yan sandan jihohi, tarihin wannan ƙasa ta bakin kogi yana da abin cewa, domin kuwa Yawuri ta ga dogari, ta ga ɗan doka, ta ga ɗan sanda, kuma ta ɗanɗani zaƙi da ɗacin kowannensu.

Kogi da masu shi

Masarautar Yawuri, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, tana shimfiɗe ne a gaɓar Kogin Kwara, kuma tun asali ƙasa ce ta al'ummu da yawa. Akwai Gungawa mazauna tsibirai, da Kambari na Ngaski da kewayenta, da Dukkawa, da Shangawa, da Lopawa, da Sarkawa masunta, da Fulani makiyaya, sa'an nan ga Hausawa masu sarauta da fatauci. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya yi nazarin mulkin Yawuri a ƙarni na 19, yana cikin masanan da suka bayyana yadda ayarin fatake ke ratsa wannan yanki tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, su kai kanwa da tufafi, su komo da goro. Duk ayarin da ya iso bakin Kwara sai ya nemi fito, kuma wanda ke riƙe da fito shi ke riƙe da arziki.

Saboda haka tsaro a tsohuwar Yawuri hawa-hawa ne. A ƙauye, mai gida da dattawa da samarin gari su ne masu sa ido, su bi sawun ɓarawo, su sasanta rikici. A ruwa, sarakunan tsibirai da sarakunan ruwa da masu fito su ne suka san wanda ya ƙetare da abin da ya ɗauko. A fada kuwa akwai dogarai, waɗanda aikinsu ya haɗa da kama mai laifi, da kai shi gaban alƙali ko sarki, da zartar da hukunci, da tsaron kasuwa, da rakiyar masu karɓar haraji. A yawancin masarautun Arewa dogarai bayin sarki ne ko 'ya'yan bayinsa, wato biyayyarsu ga sarkin ce shi kansa.

Labarin Mungo Park ya nuna yadda wannan tsari yake aiki. A wajajen farkon 1806 Baturen ya iso ƙasar Yawuri cikin jirginsa yana gangarowa daga sama. Bisa bayanin da ɗan jagoransa Amadi Fatuma ya bayar daga baya, Park ya aika wa sarki kyauta ta hannun wani basarake na bakin kogi, basaraken ya danne ta, sarki ya ɗauka baƙon ya raina shi, aka tura mayaƙa, Park da mutanensa suka halaka a duwatsun Busa. A 1830 'yan uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zauna makonni a birnin Yawuri suna neman takardunsa. Darasin a fili yake: amincin matafiyi yana rataye ne ga amanar sarki, kuma idan ɗan tsakani ɗaya ya ci amana, babu wata kafa da matafiyin zai kai kuka.

Bayan jihadin Shehu Usmanu, Yawuri ta ƙulla amana da Gwandu ta ci gaba da riƙe sarautarta, amma rabin ƙarshe na ƙarnin ya zo mata da rikicin gadon sarauta da hare-haren Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim daga Kontagora. Kambari sun fi kowa jin jiki a hannun masu kamen bayi. A wancan zamani ruwa shi ne ganuwa: wanda ya samu kwale-kwale ya shige tsibiri ya tsira daga mahayin doki. Sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa gadon sarauta a Yelwa, inda yake har yau.

Baƙo mai tsaron baƙo

A 1829, shekara guda kafin zuwan su Lander Yawuri, Robert Peel ya kafa 'yan sandan birnin Landan, waɗanda ba sa riƙe bindiga, aka kuma gina aikinsu a kan yardar jama'ar da suke tsaro. Sai dai Ingila ba wannan samfuri ta kai wa ƙasashen da ta mallaka ba. Na Ailan ta kai musu: runduna mai makami, mai zama a bariki, wadda aka kafa don ta tsare gwamnati daga jama'a.

A Najeriya abin ya faro da masu gadi 30 a Legas a 1861. A 1863 Kyaftin Glover ya haɗa rundunar da aka yi wa laƙabi da ta Hausawa, wadda ta bunƙasa ta zama runduna sosai a 1879. A 1888 Kamfanin Neja ya kafa tasa rundunar mai hedikwata a Lakwaja, kuma wannan kamfani ne ya buɗe tasha a Yelwa a shekarun 1890. Dabarar guda ce: a ɗauko mutum daga nesa a sa shi tsaron mutanen da bai san harshensu ba, don kada tausayi ko zumunci ya hana shi cika umarni.

Da Lugard ya karɓi Arewa a 1900, ba shi da isassun mutane ko kuɗin da zai shimfiɗa irin wannan runduna a ko'ina. Sai ya bar wa sarakuna dogaransu da alƙalansu da gidajen yarinsu, aka ɗora musu baitulmali, aka kira tsarin En'e. Ta haka aka samu jami'an tsaro iri biyu. 'Yan sandan gwamnati suna tsaron unguwannin Turawa da layin dogo da taskokin kuɗi, kuma su ne aka haɗe na Arewa da na Kudu a 1930 suka zama Rundunar 'Yan Sandan Najeriya. Dogarai kuwa su ne talakan Yawuri ke gani kullum.

Rigar dogari ba ta sauya ba, amma aikinsa ya sauya. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, a kan kowane baligi, a kan lokaci. Jangali ya tsananta. Ga aikin tilas na hanyoyi da dakon kayan Turawa. Sarkin da a da yake tsoron talakawansa su watse su bar shi, yanzu Razdan yake tsoro, domin shi ke iya tuɓe masa rawani.

Abin da ya faru a Busa a 1915 ya nuna iyakar wannan tsari. Turawan Lardin Kontagora sun tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani, suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yawuri, suka naɗa hakimai da mutanen Bargu ba su yarda da su ba. A watan Yuni na shekarar, wani ɗan sarauta mai suna Sabuki ya jagoranci mutum wajen 600 masu kwari da baka, suka kashe kusan rabin ma'aikatan sabuwar En'e, sauran suka gudu. Sai da aka turo soja kafin aka kwantar da tawayen, Sabuki ya tsere zuwa ƙasar Dahome ta Faransa. Masanin tarihi Michael Crowder ya rubuta littafi guda a kan wannan lamari. Daga baya Turawa sun janye Busa daga ƙarƙashin Yawuri, kuma a 1924 suka mayar da Kitoro Gani kan gadonsa. Dogaran sabuwar En'e ba baƙi ba ne daga wata uwa duniya, daga ƙetaren kogi kawai suke, amma da yake hukumar da suke wakilta ba ta da karɓuwa, kusancinsu bai tsinana musu komai ba.

Zamanin ɗan doka

A ƙarshen shekarun 1920 Turawa sun yi wa tsaron En'e garambawul a Arewa. Aka ware dogarai suka tsaya ga hidimar fada, aka kafa 'yan doka masu kaki da albashi da horo da lamba. Don a ɗaga darajar aikin daga matsayin na bayi, sai aka riƙa ɗora 'ya'yan sarakuna a kansa da muƙamin Wakilin Doka. Usman Nagogo ya riƙe wannan muƙami a Katsina kafin ya zama sarki, haka ma Ado Bayero a Kano daga 1957 zuwa 1962. A wannan zamani ne aka rushe Lardin Kontagora aka mayar da Yawuri ƙarƙashin Lardin Sakkwato, Sarki Abdullahi yana kan gado, wanda ya yi mulki daga 1923 zuwa 1955.

Tsofaffin da suka ga zamanin ɗan doka sukan tuna shi da abu biyu. Na farko, ya san ƙasa. Ya san wace tunga ce ke bayan wane gungu, ya san ranar kasuwar kowane gari, yana jin harshen mutane, kuma bayansa akwai sarƙar labari da ba ta tsinkewa: mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kai fada. Baƙo bai kwana a gari ba tare da an san mai masaukinsa ba, saniyar sata kuma da wuya ta shiga kasuwa ba a gane ta ba. Ɗan doka guda da sandarsa yakan je ƙauye ya taho da wanda ake nema, domin kowa ya san abin da ke bayan sandar.

Na biyu kuwa shi ne tsoro. Mai kamawa da mai shari'a da mai ɗaurewa duk ma'aikatan hukuma guda ne, kuma a ƙarshe ga sarki guda suke komawa. Manomin da ya kasa biyan haraji yakan sha bulala ko a shanya shi a rana. A ƙasa irin Yawuri, inda masu mulki Hausawa ne, talakawa da yawa kuma Kambari ne da Gungawa da Dukkawa masu al'adunsu da addininsu na gargajiya, nauyin yakan fi sauka a kan wanda ya fi nisa da fada.

Da siyasar jam'iyyu ta shigo, abin ya ƙara muni. An kafa NEPU a Kano a 1950, kuma a duk faɗin Arewa 'ya'yanta sun sha kamu a hannun 'yan doka bisa zargin yin taro ba izini ko zagin sarki, alƙali ya yanke, yari ya kulle. A Yamma ma 'yan sandan ƙananan hukumomi sun zama karnukan farautar jam'iyya mai mulki. Hukumar Willink, wadda ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958, ta saurari koke-koke masu yawa a kan haka, ta kuma karkata ga ƙarfafa 'yan sandan tarayya. Zaɓuɓɓukan 1964 da 1965 suka ƙarasa zubar da mutuncin da ya rage.

Shekarun da komai ya sauya

Da soja suka karɓi mulki a 1966, Janar Ironsi ya kafa kwamitin Gobir don ya duba makomar 'yan sanda da gidajen yari. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe su duka a hannun tarayya, gwamnatin Gowon kuma ta aiwatar. Daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970 aka narkar da 'yan doka: waɗanda suka cika sharaɗi aka ɗauke su cikin rundunar tarayya, sauran aka sallame su. A daidai wannan lokaci aka karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala raba sarauta da iko, tsarin mulkin 1979 kuma ya haramta kafa wata rundunar 'yan sanda ban da ta tarayya, haramcin da sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya maimaita.

Wannan ya shafi Arewa baki ɗaya, amma a Yawuri ya haɗu da wani abin da ya fi shi girgiza ƙasa. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130 da faɗin murabba'in kilomita wajen 1,270. Tsohon garin Busa ya nutse, tsibirin Foge ya nutse, kimanin mutum 44,000 aka tasa daga gidajensu aka kai su sababbin matsugunai. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a gefen ruwa, suka wayi gari a tudu cikin gidajen da ba su suka tsara ba. Da kifi ya yawaita a sabon tafkin, masunta suka kwararo daga sassan Najeriya da maƙwabtan ƙasashe, sababbin tungaye suka tsiro a gaɓa.

Wato a cikin 'yan shekaru kaɗan taswirar ƙasar ta sauya, mazaunanta suka cakuɗe, kuma a daidai lokacin aka cire kaki daga jikin mutanen da suka san ta. Mai unguwa da dagaci suna nan da idonsu da kunnensu, amma ba su da ikon kama kowa. Ɗan sandan da ke da ikon kamawa kuwa ana iya turo shi daga ko'ina a Najeriya, a kuma ɗauke shi kafin ya koyi sunayen ƙauyuka. Sarƙar da ta haɗa sani da iko ta tsinke a tsakiya.

Har yau tsarin yana nan haka. Baturen 'yan sanda na Wara ko Shanga yana amsa umarni daga kwamishina a Birnin Kebbi, shi kuma daga shiyya ta 10 a Sakkwato, sa'an nan Abuja. Ƙetaren tafkin, a Agwara da Bargu, umarni daga Minna yake zuwa, ƙarƙashin wata shiyyar dabam. Tafki guda, runduna biyu, alhali mai laifi cikin kwale-kwale bai san da wata iyaka ba. Gwamna ma, bisa sashe na 215, yana iya bai wa kwamishina umarni, amma kwamishinan yana da damar cewa sai an ji daga shugaban ƙasa tukuna.

Dokar da ta bi ta hannun sarkin ruwa

A shekarun 1990 an yi wani gwaji a tafkin Kainji da ya kamata masu maganar tsaro su waiwaya. Kifi ya fara ja baya saboda yawan masunta da amfani da taru mai ƙananan idanu, wanda ke kwashe har 'ya'yan kifi. Dokokin hana haka suna nan a littafi, amma 'yan tsirarun jami'an gwamnati ba su iya zagaye ɗaruruwan tungaye. Wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus, wanda ya fara a 1993, sai ya ɗauki wata hanya: ya jawo sarakunan Yawuri da Bargu da Kontagora, da hakimai, da sarakunan ruwa, da wakilan masunta, aka sa su cikin aikin bayar da lasisi da sa ido a kan kayan sun da aka haramta. Jihohin Kebbi da Neja suka daidaita dokokinsu, aka kafa hukuma guda mai kula da tafkin baki ɗaya.

Hikimar tsarin ita ce rabon aiki. Doka ta gwamnati ce, hukunci na kotu ne, amma ido na mutanen ruwa ne. Masunci yana iya ɓoye wa baƙon jami'i tarunsa, amma ba ya iya ɓoye wa sarkin ruwan tungarsu. Rauninsa kuma shi ne ya dogara ga kuɗin waje, don haka da shirin ya ƙare ƙarfin sa idon ya ragu.

Hatsarin Wara ya nuna abin da ke faruwa idan babu irin wannan ido. Kula da sufurin ruwa aikin hukumar NIWA ce ta tarayya, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, kuma tana da ofishi a Yawuri. Ƙa'idojinta sun hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, sun wajabta sa rigar kariya. Amma jirgi daga mashigar ƙauye yake tashi ranar kasuwa, cike da mutane da babura da buhuna, ya bi ta kan kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye tun 1968. Wanda ke tsaye a bakin ruwa lokacin lodi shi kaɗai ke iya cewa ya isa, kuma wannan mutumin galibi ba ma'aikacin tarayya ba ne.

Bindiga ta fi sanda

Rikicin 'yan bindiga da ya tsiro a Zamfara ya gangaro kudancin Kebbi ta dazuzzukan da suka haɗa ta da Zamfara da Neja. A farkon Yunin 2021 an kashe mutum 88 a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, makonni biyu kafin harin Birnin Yawuri. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba suka kashe fiye da 60, kuma a cikin watan suka kai hari masana'antar sarrafa tumatir ta Gafara a Ngaski, inda 'yan sanda 4 suka rasa rayukansu. A Nuwamban 2025 aka sace 'yan mata 25 daga makarantar Maga, kwanaki huɗu bayan haka kuma aka kwashe ɗaruruwan yara daga makarantar Papiri a Agwara, ƙetaren ruwa daga Yawuri. Gandun dajin Kainji, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 5,000, ya zama maɓoyar ƙungiyoyi masu makamai.

Adalci ne a faɗi cewa 'yan sanda suna mutuwa a wannan yaƙi. Runduna ce da ba ta kai mutum 400,000 ba a ƙasa mai al'umma fiye da miliyan 200, kuma kaso mai tsoka daga cikinta ya daɗe yana gadin manyan mutane. Caji ofis na karkara mai jami'ai ƙalilan da mota guda ba zai tare ɗaruruwan mahara ba. Adalci ne kuma a faɗi cewa abin da talaka ya fi sani game da ɗan sanda shi ne shingen kan hanya, da na goro, da belin da aka ce kyauta ne amma sai an biya. Mutumin da ya saba ganin kaki a matsayin asara ba zai yi saurin kai masa labarin baƙin fuskar da ya gani a bakin daji ba, musamman idan yana tsoron labarin ya koma kunnen waɗanda ya tona.

Giɓin da aka bari 'yan banga da 'yan sa-kai da mafarauta suka cike shi. Suna da abin da ɗan doka yake da shi, wato sanin ƙasa, kuma da yawansu sun ba da rayukansu don garuruwansu. Amma ba su da horo, ba su da kotu a bayansu, ba su da wanda zai tuhume su. A Zamfara, kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya. Ƙasar Yawuri, mai makiyaya da manoma da masunta da masu haƙar zinariya a wuri guda, ba ta da ƙarfin ɗaukar irin wannan wuta.

Abin da tarihin ya bari

A 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar 'yan sanda wadda ta maye gurbin ta 1943, ta kuma tanadi kwamitocin haɗin gwiwa da al'umma. Jihohin Kudu maso Yamma sun kafa Amotekun a shekarar, Katsina ta kafa tata rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun 'yan sandan jihohi. Alamu sun nuna ƙasar tana komawa wajen da ta baro a 1968.

Mai goyon bayan wannan komawa yana da hujja a tarihin Yawuri: tsaron da bai san ƙasa ba makaho ne. Mai adawa ma yana da tasa: tsaron da ke hannun mai mulki shi kaɗai bulala ce, kuma babu tabbacin gwamnan yau zai fi En'e ta jiya tsoron Allah idan zaɓe ya ƙarato. Tarihin bai raba gardamar ba, amma ya nuna tambayoyin da ya kamata mutanen Yelwa da Wara da Shanga su yi wa wakilansu kafin a taɓa tsarin mulki.

Wa zai ɗauki jami'an aiki, kuma za a samu Bakambare da Bagunge da Bafulatani a cikinsu, ko kuwa 'yan jagaliyar jam'iyya za a sa wa kaki? Daga wace taska albashinsu zai fito, tunda mai bindigar da ba a biya ba a jikin talaka yake fanshewa? Idan jami'i ya zalunci masunci a wata tunga, ina masuncin zai kai ƙara wadda ba ta ƙarƙashin ubangidan jami'in? Wane matsayi doka za ta bai wa mai unguwa da dagaci da sarkin ruwa, waɗanda ake nema idan abu ya ɓaci amma ba a ba su kariya ba idan sun yi magana? Sa'an nan wa zai tsare tafkin kansa, tunda rabinsa na Kebbi ne rabinsa na Neja, kuma runduna ta jiha za ta ƙara kaurin iyakar da ke tsakiyar ruwan sai fa in an kafa rundunar ruwa ta haɗin gwiwa tun daga farko?

Dogari na sarki ne, ɗan doka na En'e ne, ɗan sanda na tarayya ne. A cikin shekaru fiye da 200 na wannan tarihi, kowane sauyi daga sama aka yanke shi: a fada, ko a ofishin Razdan, ko a barikin soja a Legas. Idan za a sake wani, iyayen ɗaliban Birnin Yawuri da dangin waɗanda suka nutse a hanyar Wara sun biya farashin da ya isa a saurare su kafin a rubuta dokar.